Yadda Ake Sa Tukuicin Maki a Kan Tambaya a Stack Overflow da Sauran Shafukan Stack Exchange

Duk wanda ya daɗe yana amfani da Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhajar kwamfuta wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a shekarar 2008, ya san cewa ba kowace tambaya ce take samun amsa ba. Sababbin tambayoyi suna shigowa ba dare ba rana, kuma wadda ba ta dace da idon masaninta a sa'o'in farko ba takan nutse ƙasa, ko da kuwa an tsara ta da kyau. Domin irin waɗannan tambayoyi ne aka fito da tsarin tukuici a shekarar 2009, inda mutum yake yankar wani kaso daga makin darajar da ya tara ya ɗora a kan tambaya, da alkawarin cewa wanda ya kawo amsa mai gamsarwa shi zai ɗauka. Tsarin yana aiki a sauran shafukan Stack Exchange, wato rukunin shafukan tambaya da amsa da Stack Overflow yake cikinsa, kamar Ask Ubuntu da Super User da Server Fault da shafin lissafi na Mathematics.

Makin daraja ba kuɗi ba ne, kuma ba a sayensa. Kowa yana farawa da maki 1, sannan yana samun 10 a duk lokacin da wani ya kaɗa wa tambayarsa ko amsarsa ƙuri'ar yabo, da 15 idan mai tambaya ya karɓi amsarsa a matsayin wadda ta warware masa matsala, da 2 idan aka amince da gyaran da ya ba da shawarar a yi wa rubutun wani. Da waɗannan maki ne shafin yake auna yardar da jama'a suka yi da mutum, da su kuma yake buɗe masa damar yin wasu ayyuka, shi ya sa bayar da su ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya kamata ka fahimta tun kafin ka taɓa komai shi ne, da tukuici hankalin mutane kake saye, ba amsa ba. Ana cire makin daga asusunka nan take, kuma ba ya dawowa gare ka ko an amsa ko ba a amsa ba, tamkar kuɗin cigiya a gidan rediyo, wanda ake biya domin a yi shela ko an ga abin da ya ɓace ko ba a gani ba. Masu kula da shafi ne kaɗai suke da ikon soke tukuici su mayar da maki, kuma sai a yanayi na musamman suke yin haka.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar kai da tambayar kun cika sharuɗɗa. Dole ne ka mallaki aƙalla maki 75 a shafin da tambayar take, domin kowane shafi da lissafinsa. Makin da ka tara a Stack Overflow ba ya aiki a Ask Ubuntu. Sai dai wanda ya kai 200 a shafi ɗaya ana ba shi kyautar 100 a sauran shafukan da ya shiga, wadda takan ƙetarar da shi wannan iyaka. Ita kuma tambayar sai ta cika awa 48 da aikowa, ba a rufe ta ko kulle ta ba, kuma babu wani tukuici da yake gudana a kanta. Ba lallai ne ta zama taka ba, kana iya sa tukuici a kan tambayar wani idan matsalarku ɗaya ce. Mutum ɗaya ba ya riƙe tukuici fiye da uku a lokaci guda.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci kuma shi aka fi tsallakewa, shi ne ka koma ka gyara tambayar kafin ka kira mata jama'a. Kwana biyun da aka tilasta maka jira dama ce ta yin wannan aiki. Ka karanta ta kamar baƙon da bai san komai game da aikinka ba: shin take ya faɗi ainihin matsalar, ko kuwa ya tsaya ga neman taimako kawai? Shin ka sa ɗan guntun lambar manhaja mafi ƙanƙanta da zai ba wani damar ganin matsalar a tasa kwamfutar? Ka kwafo saƙon kuskuren da na'ura ta fitar kamar yadda yake, a rubuce ba a hoto ba, ka ambaci sigar yaren manhaja ko tsarin da kake amfani da shi, ka bayyana abin da ka riga ka gwada da dalilin da ya sa bai yi ba. Idan wasu sun yi maka tambayoyi a ƙarƙashin rubutun, ka shigar da amsoshinsu cikin jikin tambayar. Ka duba alamomin fanni da ka liƙa mata, domin masana da yawa ta waɗannan alamomi suke tace abin da za su karanta, kuma alamar da ba daidai ba tana kai tambaya gaban mutanen da ba fanninsu ba ne. Tambaya mai duhu idan aka sa mata tukuici, abin da take jawowa shi ne amsoshin cinke daga masu kwaɗayin maki, wani lokaci har da ƙuri'un suka, kuma kowace ƙuri'ar suka tana rage wa mai tambaya maki 2.

Mataki na uku shi ne zaɓen adadi. A ƙasan tambayar da ta cancanta za ka ga wurin latsawa mai rubutun "Start a bounty", kuma zai ba ka zaɓi daga 50 zuwa 500, ana ƙarawa da 50 a kowane hawa. Idan kai ma ka taɓa rubuta amsa a ƙarƙashin tambayar, mafi ƙarancin abin da za ka iya sawa shi ne 100. A nan sai ka yi lissafi da natsuwa, domin damar da maki suka buɗe maka tana rufewa idan suka ragu. A yawancin shafukan, yin tsokaci a kan rubutun wasu yana buƙatar 50, kaɗa ƙuri'ar suka kuma 125. Mai maki 90 da ya ba da 50 zai koma 40, ya rasa ikon tsokaci a kan rubutun wasu, ko da yake zai ci gaba da yin tsokaci a ƙarƙashin tasa tambayar da amsoshinta. Mai maki 180 da ya ba da 100 zai koma 80, ya rasa ƙuri'ar suka har sai ya sake tarawa.

Daga nan za a nemi ka zaɓi dalili cikin guda shida: jawo hankali ga tambayar da ba a kula da ita ba, neman amsa mai madogara tabbatacciya, neman cikakkiyar amsa da za ta zama abin komawa ga masu irin matsalar, nuna cewa amsoshin da ke akwai sun tsufa, neman ƙarin bayani, ko saka wa wata amsa da aka riga aka rubuta. Akwai kuma gurbin da za ka rubuta saƙonka. Kada ka bar shi fayau. Jimla biyu da suka fayyace abin da kake so amsar ta ƙunsa, da abin da amsoshin baya suka gaza yi, suna kare masu amsa daga ɓata lokaci, kai ma suna sauƙaƙa maka hukunci a ƙarshe.

Da zarar ka tabbatar, tambayar za ta hau saman jerin tambayoyi, ta kuma shiga sashen da aka keɓe wa masu tukuici na tsawon kwana bakwai. Cikin wannan mako kada ka yi nisa. Ka gwada kowace amsa da ta shigo, ka gaya wa mai ita abin da ya faru, domin sau da yawa amsar da ta kusa daidai bayani ɗaya take jira daga gare ka ta cika.

Mataki na ƙarshe shi ne miƙa tukuicin, kuma a nan ne ƙa'idojin suka fi sarƙaƙiya. Ba za ka iya miƙawa ba sai tukuicin ya cika awa 24, bayan haka kuwa kana iya yi a kowane lokaci ta hanyar latsa alamar adadin makin da ke gefen amsar da ka zaɓa. Amsa ɗaya ce take ɗauka, ba a rabawa, ba a janyewa bayan an bayar, kuma ba ka iya ba amsar da kai ka rubuta. Karɓar amsa daban, miƙa tukuici daban. Kana iya karɓar ta wani ka ba wani tukuicin. Idan kwana bakwai suka cika, ana ƙara maka awa 24 na sassauci.

Idan wannan ma ya wuce ba ka yi komai ba, na'ura ce za ta yanke hukunci. Idan kai ne mai tambayar kuma ka karɓi wata amsa da aka rubuta cikin kwanakin tukuicin, ita za ta samu cikakken adadin. In ba haka ba, za a duba amsoshin da aka rubuta bayan an sa tukuicin, a ɗauki wadda ta fi ƙuri'a muddin sakamakonta, wato ƙuri'un yabo bayan an cire na suka, ya kai 2, a ba ta rabi kawai, sauran rabin ya salwanta. Idan biyu suka yi kunnen doki, wadda ta riga shigowa ce take ɗauka. Idan babu wadda ta cika wannan sharaɗi, makin duka ya tafi ba wanda ya amfana. Amsar da ta riga tukuicin zuwa ba ta shiga wannan lissafi ko kaɗan, don haka wanda ya sa tukuici domin saka wa tsohuwar amsa wajibi ne ya miƙa da hannunsa. Ina ganin rashin adalci ne mutum ya yi alkawarin 200, wani ya zauna ya yi aiki tuƙuru, sannan ya tashi da 100 saboda mai alkawarin ya manta ya dawo. Ga mai amsa wannan maki yana da daraja ta musamman, domin ba ya cikin iyakar maki 200 da aka ƙayyade mutum ya samu a rana ta hanyar ƙuri'u.

Idan mako ya ƙare ba a samu amsa ba, kana iya sake sa wani tukuicin a kan tambayar, amma dole ne ya zama aƙalla ninkin wanda ka sa a baya: mai 50 ya koma 100, sannan 200, sannan 400, har ya tsaya a 500. Saboda haka wanda makinsa bai yi yawa ba gara ya fara da ƙarami, ya bar wa kansa hanyar ƙarawa. Kafin ka ninka, ka sake duba ko tambayar tana shafin da ya dace da ita, domin matsalar girka Ubuntu, wani tsarin gudanar da kwamfuta, masananta suna Ask Ubuntu, ta kula da manyan kwamfutocin kamfani kuma suna Server Fault. Ka duba kuma ko tambayoyi biyu ne ka haɗa a wuri ɗaya. Idan haka ne, ka raba su, ka jira kwana biyu, ka sa tukuicin a kan wadda ta fi tsaya maka a aiki.