Yadda Za Ka Sa Hoto Ya Nuna Abin Da Hannu Ya Ji

A darasin farko na ɗaukar hoto ba na barin ɗalibi ya fito da waya. Faifai nake ba shi, ko sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, ko guntun jemammiyar fata, in ce ya rufe ido ya shafa. Ina kaushi, ina sulɓi, ina yatsa ya faɗa rami? Ya rubuta. László Moholy-Nagy, ɗan ƙasar Hangare da ya koyar a makarantar fasahar zane ta Bauhaus a Jamus daga 1923 zuwa 1928, yakan sa ɗalibansa su jera kayayyaki a kan allo bisa yadda yatsa ke jin su. Ina ganin gaskiyarsa, domin wanda bai shafa abu ba launinsa kawai zai ɗauko.

Bayan shafa sai haske. Kashe filashar wayarka, ita ce babbar mai ɓata wannan aiki: tana haska abu ta gaba, ta cike kowane rami, faifai ya fito kamar an zana shi a takarda. Rufe taga, ka ɗora faifan a kan baƙin ƙyalle, ka kwantar da tocila a gefe, kusan daidai da tebur, yadda hasken zai goge fuskarsa ya wuce. Nan take kowace saƙa za ta yi 'yar inuwarta, kuma inuwar nan ce ido ke fassarawa da kaushi. Ɗaga tocilar kaɗan, inuwa ta gajarce. Sauke ta, ta yi tsawo. Kada ka motsa wayar, jingine ta da littattafai, tocilar kaɗai za ta riƙa zagayawa. In ɓangare ɗaya ya yi duhu da yawa, tsayar da farar takarda a can ta maido da haske. Daga nan ka duba abin da ka rubuta ɗazu. Ramin da yatsanka ya ji, yana cikin hoton? In babu, sake.

A waje ma haka ne. Zanen da magina ke yi a bangon tsofaffin gidajen Zariya ba ya fitowa idan rana ta haska shi ta gaba. Je da sassafe ko bayan La'asar, ka tsaya inda rana ke gogar bangon ta gefe. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, haƙura, inuwa ba ta kaifi.

Aikin da na fi so, wato fitar da siffar ganye a kan takarda da hasken rana, ba ya buƙatar kamara sam. Sir John Herschel na Ingila ya yi gwaji da ruwan furanni a kan takarda, ya wallafa sakamakonsa a 1842, mu kuma da kurkum muke yi. Zuba babban cokali ɗaya na garin kurkum a cikin sifirit ɗin da ake sayarwa a kemis, kamar rubu'in kofi, ka motsa, ka tace da ƙyalle. Nesa da wuta, don Allah. Shafa wa takarda mai kauri da auduga, ka bar ta ta bushe a cikin duhu. Sai ka shimfiɗa ganyen darbejiya ko zogale ko guntun leshi a kai, ka danne da gilashi, ka kai rana. Dannewar nan ita ce komai. Inda ganyen ya manne da takarda, gefensa zai fito tas, inda ya ɗaga kuma zai yi dishi-dishi, don haske ya kutsa ƙarƙashinsa.

Bayan 'yan awoyi, duk inda rana ta taɓa ya koɗe, siffar ganyen ta rage ɗorawa shar. Jiƙa kanwa kaɗan, ka tace, ka zuba ruwan a hankali a kan takardar. Kurkum yana sauya launi idan ya haɗu da kanwa, don haka siffar ganyen za ta koma ja mai duhu. Shanya takardar a inuwa, ka ɗauki hotonta a ranar, sannan ka adana ta cikin littafi, domin haske zai ci gaba da cin launin.