Ku fitar da su waje su auna inuwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malaman lissafi. Ga wata dabara ga wanda ɗalibansa ke fara hamma da zarar ya ɗauki alli.

Ranar da za ku koyar da alwatika masu kama da juna, kada ku fara da allo. Ku fita da yaran da hantsi, ku kafa sanda mai tsawon mita 1 a tsaye cak, su auna inuwarta. Sannan su auna inuwar wata doguwar bishiya. In ta sanda mita 2 ce, ta bishiya mita 14, ku ja bakinku ku yi shiru. Wannan shirun ne ya fi yi mana wuya, mu malamai. Ku bar su su yi ta gardama har wani ya gano bishiyar mita 7 ce. An ce da inuwa masanin Girka Talis ya auna tsawon dalar Masar. Sai dai a auna inuwar sandar da ta bishiyar lokaci guda, don inuwa ba ta jiran kowa.

Darasin yiwuwa kuwa, in aji ya kai mutum 23, yiwuwar samun biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. Ku sa su yi canki tukuna, sannan a duba.