Yadda ake bin lambar kunnen saniya har mahauta a Ostareliya

In kana kiwo a Ostareliya to tsarin NLIS zaka bi, wato tsarin ƙasa na sa wa dabbobi lamba da bin diddiginsu. Kafin maraƙi ya bar gonar da aka haife shi ka maƙala masa farar lamba mai cip a kunnen dama, mai ruwan lemo kuma ta dabbar da ka sayo ce in tata ta faɗi, kar ka kuskura ka cire. Dabba na canza gona, wanda ya karɓa zai shigar da bayanin a shafin NLIS na intanet cikin kwana 2. A mahauta sai su yi sikanin lambar su haɗa ta da lambar gangar naman, nauyi da kaurin kitse duk a rubuta. Don Allah ka riƙa buɗe akawun ɗinka na NLIS kana dubawa, nan zaka gane bijimin da 'ya'yansa suka fi nama.