Yadda ake renon kare mai sanyin hali har ya kai filin gasa

A Jos, mai sayen kare tambayarsa ta farko ita ce, "Yana da faɗa?" Ni a ganina daga nan ake ɓata hanya. Karen da zai tsare gida, ya zauna da yara, kuma ya bari alƙalin gasa ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, natsuwa ake nema a wurinsa.

Fara da ganin uwar kafin ɗan. Idan karyar tana laɓewa a bayan keji, ko tana zaburo wa duk wanda ya shigo, ka haƙura komai kyan kwiyakwiyanta, domin hali ana gadonsa. Ka lura da tafiyarta kuma, saboda ciwon ƙugu na bin jinin manyan karnuka irin su Boerboel, Rottweiler da German Shepherd. Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika sati 8.

Sai allura. Ana fara ta haɗin cututtuka tsakanin sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati 3 ko 4 har ya kai kusan sati 16. Ita ce ke kare shi daga cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini. Ta haukan kare kuwa a wata 3 ne, sannan duk shekara. Mu mutanen Filato ba mu da uzuri a nan, tunda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana gefenmu. Adana katin allurar, za a tambaye ka a wurin gasa.

Babban aikin yana cikin watanni ukun farko. A wannan tsakanin ne kwikwiyo ke tantance abin tsoro da wanda ba na tsoro ba, kuma abin da ya riƙe a lokacin da wuya ya sake shi. Bari ya ji ƙarar janareta da ta babur, ya ga mai babbar riga, ya ga akuya da kaji. Yara su taɓa shi kana tsaye a kansu. Kullum ka ɗaga leɓensa, ka kama ƙafafunsa, ka leƙa kunnensa, ka ba shi ɗan guntun nama in ya tsaya. Masu kulle kare a keji yini guda, ko su ɗaure shi da gajeriyar sarƙa wai don ya yi zafi, matsoraci suke haɗawa, kuma matsoracin kare shi ne mai cizo ba gargaɗi. Wata rana zai kama ɗan gidan.

Zaman gida ba wuya: ɗakinsa a tsakar gida, kwanonsa daban da na mutane. A abincinsa ban da albasa, cakulan, zabibi da dafaffen ƙashin kaza. Da damina a duba kaska tsakanin yatsu da cikin kunne. Sanyin Jos yana yi wa masu gashi irin Caucasian daɗi, amma sai da taza.

Don gasa, koya masa tsayuwa cak, ƙafafu a daidaice, kai a sama, da sassarfa a gefen hagunka ba tare da jan igiya ba. Minti biyar safe da yamma ya isa. Ka sa baƙo ya riƙa shafa shi yana tsaye, domin karen da ya kai wa alƙali cizo fitar da shi ake yi.

In ka zo barbara, kada ka yi gaggawa. Karya na neman namiji kusan sau biyu a shekara, amma 'yar jinsin manyan karnuka a bar ta ta kusa shekara 2. Cikin yana ɗaukar kwana 63 ko kusa da haka. Namijin da za ka kai ta wurinsa, je ka shiga gidansu da kanka ka ga yadda yake karɓar baƙo, kada ka tsaya ga hotonsa a WhatsApp.