Yadda za ka biya bashin gida ba tare da ka daina tanadi ba

1. Ranar da albashi ya shigo, fara cire kuɗin bashin gida kafin cefane. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin.

2. Duba takardar biyan. Misali, rancen Asusun Gidaje na Ƙasa yana da ruwa kashi 6 a shekara. Naira miliyan 5 a shekara 20 na cin kusan 35,800 duk wata, amma a watan farko 25,000 ruwa ne, 10,800 kawai ke rage uwar kuɗi. In ka ja shi zuwa shekara 30, biyan wata zai sauko kusan 30,000, sai dai jimilla ta haura miliyan 10.

3. Tara kuɗin biyan wata uku a wani asusu daban, marar kati. Nan mutane ke faɗuwa: rashin lafiya ko jinkirin albashi, sai tara ta hau.

4. Ware kuɗin makaranta da ragon layya kaɗan-kaɗan, ko ta adashe.

5. Rara ta samu? Zuba a bashin, amma ka sa banki ya rubuta cewa uwar kuɗi aka rage.