Zumuntar gida a Riyad: ku raba rukunin idan ya yi girma

Salama, 'yan'uwa. Ga wata 'yar shawara ga masu zumunta a gida.

Kun san nan Saudiyya babu ginin coci, sujada sai a cikin gida, a rufe ƙofa. To namu rukunin da muka kai mutum goma sha biyar a falo ɗaya, sai abin ya lalace. Takalma jibge a bakin ƙofa, maƙwabta na leƙe, kuma mutum uku ne kaɗai ke magana, saura sai gyaɗa kai. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta yi wata biyu ba ta zo ba, babu wanda ya lura. Kunya ta kama mu ƙwarai.

Sai muka rabu gida biyu, bakwai da takwas. Muna haɗuwa da safiyar Juma'a tunda ita ce ranar hutu, masu aikin dare kuma Asabar da yamma. Waƙa a hankali, ba ganga. Takalma a shigo da su ciki. A karanta sura ɗaya kawai, mun fara da littafin Bisharar Markus don gajere ne, kowa ya faɗi ayar da ta taɓa shi kafin jagora ya buɗe baki.

Abin da ya fi amfani shi ne haɗa kowane sabon zuwa da wani tsohon hannu, mace da mace, namiji da namiji. Ai 2 Timoti 2:2 ta ce a danƙa koyarwa ga amintattun mutane waɗanda za su iya koya wa wasu. Kira ɗaya a mako, a yi addu'a tare ta waya. Hotunan taro kuwa, don Allah kada a ɗora a Facebook.