Yadda nake haɗa alobera da man kaɗanya a sanyin Jos

Da zarar Nuwamba ta raba, iskar hunturu ta fara kaɗawa a Jos, fata ce ke fara shaida. Garinmu a kan tudu yake, wajen mita 1,200 daga doron teku, ga sanyin asuba ga ƙura, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Abin da nake dogara da shi a wannan lokaci yana bayan ɗakina a Unguwar Rogo: alobera a tsofaffin bokitai huɗu. Goggona zabuwa take ce mata, sunan 'yar'uwarta ta daji mai ɗige-ɗige a ganye.

Ki zaɓi ganyen ƙasa, mai kauri, wanda ya tsufa. Na tsakiya bai nuna ba, ki bar shi. Ki yanke daga gindi da wuƙa mai kaifi, sannan ki tsayar da shi a cikin kofi, bakin yankan yana kallon ƙasa, kamar minti 15.

Don Allah kada ki tsallake wannan. Za ki ga wani ruwa rawaya yana ɗiga, mai wari, mai ɗaci kamar maɗaci. A cikinsa akwai sinadarin aloyin, shi ke sa wasu ƙaiƙayi su ce alobera ba ta karɓe su ba. Ni ma farkon amfanina haka na yanka na shafa kai tsaye, kumatuna suka kwana suna zafi. Idan kuma aka sha, murɗar ciki ne da gudawa. Tun 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a magungunan saukar da ciki da ake saya ba tare da takardar likita ba. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana ce wa mata su jiƙa ganyen su sha don wankin ciki. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda da mai shan maganin suga, kada su kusanci shan sa.

Bayan ya tsane, ki wanke ganyen, ki datse ƙayoyin gefe, ki fere bawon sama. Farin naman nan mai yauƙi shi ake nema. Ki kwashe da cokali, ki ɗauraye, ki markaɗa.

Kafin ki kai fuska, ki ɗan shafa a cikin damtse ki bari ya kwana. Idan babu ja, babu ƙaiƙayi, bismillah.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne shafa ta ita kaɗai a hunturu. Naman alobera kusan duk ruwa ne, kashi 99 cikin ɗari. Iskar Jos za ta shanye shi cikin mintuna, fata ta ɗaure ta fi da bushewa. Sai an rufe da mai. Ni da daddare nake yi: in wanke fuska da ruwa mai ɗumi, in shafa alobera siriri, tun da sauran danshi in murza man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa a tafin hannu har ya narke, in bi kai. Ƙafa mai faso kuwa, ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki goge kaushin da dutse, ki shafa su biyun ki sa safa ki kwanta.

Alobera tana sanyaya ƙaramar ƙunar kicin, irin ta fallatsin mai, amma sai an fara sakar wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20. Ƙunar da ta ɗaye fata, ko ta yaro ƙarami, asibiti za a tafi. Kuma alobera ba ta sa fari, duk wanda ya ce miki haka kasuwarsa yake ci.

A firji tana yin kamar mako guda cikin kwalba mai murfi. Idan wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki yanki na kwana ɗaya kawai, ki ɗaure bakin ganyen da leda.

Shukarta ba wuya. Ki cire ɗan da ya fito a gindin uwar, ki dasa a ƙasa mai yashi, ki huda gindin bokitin. Ba ta son ruwa da yawa. Ruwan Agusta na Jos ya taɓa ruɓar min da guda biyu, tun daga nan da damina ta kankama nake jawo su ƙarƙashin rumfa.